Bulala da Yaro Mai Ƙiriniya

A gidaje da dama na Jega da Aliero da Maiyama, yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya akan ɗauke shi mai taurin kai a hau shi da bulala, alhali wasu irinsa na fama ne da larurar ƙarancin natsuwa, wato matsalar yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa hankali da motsi. Binciken Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa na 2014 ya nuna cewa yara 6 cikin 10 a Najeriya na fuskantar cin zarafi kafin su kai shekara 18. Tun da duka yana ƙara wa irin wannan yaro tsoro da fushi, wajibi ne iyaye su kai shi asibiti a duba shi, su kuma tarbiyyantar da shi cikin haƙuri.