Abin da Kulob Ba Zai Iya Yi wa Kansa Ba: Aikin Ƙungiyar Golf ta Arewacin Kalifoniya



An nemi in yi bayani a kan yadda ƙungiyar yanki ta 'yan golf masu wasa don sha'awa take hidimta wa kulob-kulob ɗin da ke ƙarƙashinta. Na zaɓi misali ɗaya: Ƙungiyar Golf ta Arewacin Kalifoniya a Amurka, NCGA a taƙaice, wadda aka kafa a 1901, take da ofishinta a Pebble Beach da mambobi fiye da 150,000. Tana cikin ƙungiyoyin yanki fiye da hamsin da ke aiki tare da uwar ƙungiya ta ƙasa, USGA, wadda ita kuma aka kafa a 1894.

Ra'ayina shi ne, shirya gasa da raba kofi ba su ne ginshiƙin aikinta ba, ko da yake su ake gani a jarida. Ginshiƙin shi ne awo: auna wahalar fili da auna ƙarfin ɗan wasa.

Golf wasa ne da gwani da ɗan koyo za su iya karawa har a yi kankankan, saboda tsarin handikaf, wato ratar bugu da ake ba wanda bai kai ɗan'uwansa iyawa ba. Amma ratar ba ta da ma'ana sai an san wahalar filin da aka buga. Wanda ya gama ramuka 18 da bugu 90 a fili mai tudu da kwari da iskar teku, ya fi wanda ya yi 90 a shimfiɗaɗɗen fili marar cikas. To wa zai faɗi wahalar fili? Ba kulob ɗin da ke da shi ba. Mai hatsi ba ya zama alƙalin mudunsa. Wani kulob zai so a ce filinsa ya fi kowane wuya don alfahari, wani kuma yana da tasa manufar.

Saboda haka ƙungiya ke tura tawagar masu awo, akasarinsu 'yan sa-kai da ta horar. Suna bin fili rami bayan rami da 'yan wasa biyu a zuciyarsu. Na farko gwani ne marar rata, wanda ake ƙaddara bugunsa na farko na kai yadi 250 in namiji ne, 210 in mace ce. Na biyu matsakaici ne mai rata wajen 20, wanda nasa ke tsayawa a yadi 200, ko rata wajen 24 da yadi 150 ga mace. A inda ƙwallon kowannensu zai sauka, sai su duba faɗin hanya, da tsawon ciyawar gefe, da ramukan yashi, da ruwa, da bishiyoyi, da santsin dandalin da ramin yake. Har fargabar da wuri ke jefa wa ɗan wasa tana da nata maki. Daga nan ake fitar da lambobi biyu: yawan bugun da ake sa ran gwani zai yi, da lambar da ke nuna yadda fili ke ƙara tsanani ga marar ƙwarewa. Ita ta biyun tana farawa daga 55 zuwa 155, kuma 113 ce mizani. Ba a barin fili ya wuce shekara 10 ba a sake auna shi ba, domin bishiya na girma, ana kuma sauya fasalin ramuka.

Sai awon ɗan wasa. Tun 2020, lokacin da USGA da R&A ta Sikotilan, hukumomin da ke kula da dokokin wasan, suka haɗe tsare-tsaren handikaf da ake da su suka zama tsari ɗaya na duniya, ana ɗaukar sakamako 8 mafi kyau cikin 20 na baya-bayan nan a fitar da matsakaicinsu, kuma rata ba ta wuce 54. Lissafin na kwamfuta ne, ta hanyar tsarin GHIN da USGA ta fara a 1981, kuma ta hannun ƙungiyar yanki kulob ke shiga. Abin da kwamfuta ba ta iyawa shi ne gane maƙaryaci. A ko'ina akwai mai shigar da munanan sakamakonsa kawai, ya ɓoye masu kyau, don ratarsa ta kumbura ya kwashe kyauta ranar gasa. Dole kowane kulob ya kasance da kwamitin handikaf, kuma ƙungiya ce ke koyar da 'yan kwamitin. Ta fi amfani a ranar da mai laifin ya zama abokin shugaba ko babban mai ba da gudummawa: sakatare na iya cewa ƙa'ida ce daga sama, ba ni ba. Duk wanda ya taɓa riƙe sakataren wata ƙungiya a cikinmu ya san darajar wannan mafaka.

Wani abu da mutane ba su cika sani ba, ba sai kulob ya mallaki fili ba kafin a karɓe shi. Ma'aikatan kamfani ɗaya, ko 'yan unguwa ɗaya, in sun kai adadin da ƙa'ida ta gindaya, suna da tsarin mulki da kwamiti, za su iya yin rajista, su riƙa buga wasansu a filayen gwamnati. Kowane mamba na biyan kuɗin shekara ta hannun kulob ɗinsa, da shi ake tafiyar da ƙungiyar.

Gasanni ba sai na daɗe a kansu ba. Akwai na gwanaye, na dattawa, na mata, na yara, da na masu rata. Gasar zakaran Kalifoniya, wadda aka fara a 1912, haɗin gwiwa ce tsakanin NCGA da takwararta ta Kudu, SCGA, wadda ta girme NCGA da shekara biyu. Ƙungiya ke kawo alƙalan da suka san dokokin wasa, kulob ya ba da fili.

Inda NCGA ta bambanta da yawancin takwarorinta shi ne mallakar fili. A 1986 ta buɗe Poppy Hills a dajin Del Monte, wanda Robert Trent Jones ƙarami ya zana, a 1996 kuma ta ƙara Poppy Ridge a Livermore. Mamba na buga wasa a can cikin rahusa, a yankin da farashin maƙwabtan filaye ya fi ƙarfin mai albashi. Ina da ja a nan. Ƙungiyar da ke sayar da lokacin wasa ta zama abokiyar gogayyar wasu kulob-kulob ɗinta, ta kuma ɗora wa kanta nauyin ruwa da ciyawa da albashin ma'aikata. Duk da haka, gyaran da aka yi wa Poppy Hills, aka sake buɗe shi a 2014 bayan an rage faɗin wurin da ake shayarwa, ya zo a tsakiyar fari, shekara guda kafin Gwamna Jerry Brown ya umarci birane su rage amfani da ruwa da kashi 25 cikin 100. Masu kula da filaye sun samu wurin da za su je su gani da ido.

A 2006 ƙungiyar ta fara shirin Youth on Course: yaro ya biya dala 5 ko ƙasa da haka, shirin ya cika wa mai fili sauran. Kulob ya samu ciniki a lokacin da filinsa ba kowa, ya kuma samu mambobin gobe. Shirin ya bazu zuwa sauran jihohi har Kanada.

Hidima ta ƙarshe ita ce magana da gwamnati. A 2022 an gabatar da ƙuduri a majalisar dokokin Kalifoniya, mai lamba AB 1910, don ba ƙananan hukumomi tallafi su mai da filayen golf na gwamnati unguwannin gidaje. Hujjar masu ƙudurin ba ta banza ba ce, matsalar muhalli a jihar gaskiya ce. Amma waɗanda za su fara rasa wurin wasa su ne kulob-kulob marasa fili da na ambata, ba attajirai masu nasu ba. Ƙungiyoyin Arewa da Kudu suka haɗa murya, suka sa mambobinsu rubuta wa wakilansu, kuma ƙudurin bai fita daga kwamiti ba.