Marigayi Alhaji Shehu Shagari: Ministan da Ya Dawo Gida Ya Gina Makarantu

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai a Tambuwal



Ran da kwamitin shirya wannan taro ya aiko mini cewa ni zan yi jawabi a kan rayuwar wani shugaba, sai da gabana ya faɗi, domin ban saba tsayawa ina magana alhali malamaina na zaune suna saurare ba. Saboda haka idan na yi kuskure a gyara mini kamar yadda aka saba, amma don Allah ban da bulala.

Wanda na zaɓa shi ne marigayi Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari, Turakin Sakkwato. Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Tambuwal zuwa Sakkwato ya ratsa ta garinsu. A aji mun karanta shi ne a matsayin Shugaban Ƙasa, amma yau ina so in fi ba da ƙarfi ga shekarun da ya yi yana minista, da kuma abin da ya yi bayan kujerar ta kuɓuce masa.

An haife shi a garin Shagari a 1925. Ya yi elementare a Yabo, ya yi Midil a Sakkwato, daga nan ya wuce Kwalejin Kaduna, wadda daga baya ta zama Barewa. Da ya gama sai ya kama aikin malanta, ya koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato, ya kuma yi hedimasta a Argungu. Tun yana malami ya rubuta Waƙar Nijeriya don yara su san ƙasarsu cikin harshensu. Ke nan, iyayenmu malamai, naku ne tun kafin ya zama na 'yan siyasa.

A 1954 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai ta Legas a ƙarƙashin jam'iyyar NPC, a 1958 kuma ya zama sakataren majalisa na Firayim Minista, Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga nan ne ministoci suka yi ta biyo juna. Ya riƙe raya tattalin arziki, ya riƙe fansho da harkokin ma'aikata daga 1960 zuwa 1962, lokacin da ake maye gurbin Turawa da 'yan ƙasa a ofisoshin gwamnati. Mu ma'aikata muna cin moriyar wannan aiki har yau. Sai harkokin cikin gida daga 1962 zuwa 1965, sannan ma'aikatar ayyuka. A 1962 ɗin ne kuma Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya naɗa shi Turaki.

Ana nan sai ga juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966. Aka kashe Sardauna, aka kashe Tafawa Ɓalewa, dare ɗaya minista ya wayi gari ba ofis, ba mota mai tuta. Jama'a, nan ne nake so mu tsaya mu yi nazari. Mutumin nan yana da shekara arba'in, ya saba zama da manyan ƙasa, da ya ga dama sai ya zauna yana jiran a sake kiransa. Maimakon haka sai ya dawo gida, a 1967 ya karɓi aikin sakataren Asusun Raya Ilimi na Lardin Sakkwato, asusun da ya gina makarantu da dama a lardin, wanda Tambuwal da Kebbe ke cikinsa. Tsohon ministan ayyuka na ƙasa baki ɗaya, ga shi ya koma lissafin bulo da kwano na azuzuwan ƙauye, bai kuwa ga ƙasƙanci a ciki ba.

Daga wannan aiki ne aka ɗauke shi kwamishina a Jihar Arewa Maso Yamma, har ya riƙe ma'aikatar ilimi. A 1970, bayan yaƙin basasa, Janar Yakubu Gowon ya ba shi aikin raya tattalin arziki da sake gina wuraren da yaƙi ya rusa. A 1971 ya gaji Cif Obafemi Awolowo a ma'aikatar kuɗi, ya riƙe ta har 1975, a lokacinsa ne kuma aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, ran 1 ga Janairu, 1973. Sauran labarin kun san shi: an rantsar da shi Shugaban Ƙasa ran 1 ga Oktoba, 1979 a ƙarƙashin NPN, soja suka hamɓarar da shi ran 31 ga Disamba, 1983, aka tsare shi har 1986, ya sake komawa Shagari. Allah Ya yi masa rasuwa a Abuja ran 28 ga Disamba, 2018, aka kai shi makwancinsa a garinsu.

Malamanmu na tarihi ba za su yafe mini ba idan na faɗi alheri kaɗai. A zamanin mulkinsa ne aka kashe manoma a rikicin dam ɗin Bakolori a 1980, aka kori baƙi 'yan Afirka ta Yamma a 1983, kuɗin mai ya faɗi, aka kuma yi ta kuka da yadda wasu na kusa da shi suka yi da dukiyar jama'a. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Allah Ya gafarta masa.

To, mene ne ya haɗa mu da wannan tarihi? Shekara biyu ke nan da iska ta yaye kwanon ɗakin gwaje-gwajenmu. A wannan zaure muka miƙe ɗaya bayan ɗaya muka yi alkawari, aka yi mana tafi. Kaɗan ne daga cikinmu suka cika, ni kuwa da nake tsaye gabanku ba na cikinsu. Kullum sai in ce wa kaina bari a yi mini ƙarin girma tukuna. An yi ƙarin, na ce bari in gama ginin gida. Damina biyu ke nan yaran Dogon Daji da Jabo da Sanyinna da Kuchi suna karanta kimiyya a allo kawai, alhali jarrabawa ɗaya za su zauna da yaran Legas. Da nake shirya wannan jawabi, na iso 1967, sai kunya ta kama ni.

Allah bai hana yankinmu manya ba. Mazaɓar Kebbe da Tambuwal ce ta ba ƙasar nan Kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, Alhaji Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya yi gwamna daga 2015 zuwa 2023. Gwamnati na da nata haƙƙin a kan makarantar nan, za mu kuma ci gaba da tuna mata. Amma alkawarin da muka ɗauka da bakinmu namu ne, kuma alkawari kaya ne.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Na farko, kowa ya faɗi abin da zai iya bayarwa duk wata, komai ƙanƙantarsa, kada a faɗi abin neman tafi. Na biyu, ma'aji ya riƙa karanta mana abin da ya shigo da abin da ya fita a kowane taro. Na uku, masu digiri a kimiyya da lissafi da Turanci su ba 'yan ajin ƙarshe mako guda daga cikin hutunsu na shekara. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu kuwa jinka ce ke gabanmu.

Nawa bashin na taho da shi, zan damƙa wa ma'aji kafin in zauna, malamaina su zama shaida.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa na raye lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.