Yadda Ƙwaƙwalwar Mota Ke Sanin Inda Fistin Yake



Waɗanda suka san Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna sun san distirbuta ce ke raba wa filogi wuta, kafireta kuma ta auna mai. Tun daga 1979, da kamfanin Bosch na Jamus ya fito da tsarin Motronic cikin motar BMW, ayyukan nan biyu suka soma komawa hannun wata 'yar kwamfuta, wadda makanikai ke kira birenbos, watau ƙwaƙwalwar mota. A yau akwai irin wadda mutum ke saya daban ya ɗaura wa injinsa, kamar Haltech da Link da MegaSquirt, ko don tsere, ko don ya raba tsohon inji da kafireta. To, ita wannan ta saye baƙuwa ce, ba ta san injinka ba. Abu na farko da za ka koya mata shi ne inda fistin yake a kowane lokaci.

Dabarar kuwa ita ce a ɗaura faranti mai haƙora a kan karanshaf, a kafa sensa daf da shi yana ƙirga haƙoran. Da gangan akan cire haƙori ɗaya ko biyu, don wannan giɓi shi ne alamar da ƙirga ke farawa daga gare ta. Na Ford gurbi 36 ne babu ɗaya, kowane haƙori digiri 10. Na Bosch gurbi 60 ne babu biyu, kowane digiri 6. Ku dubi saurin abin: inji mai juyi 6,000 a minti yana juyi 100 ke nan a daƙiƙa guda, haƙora 5,800 na wuce sensa a farantin Bosch kafin ka ce kwabo.

Amma fa ƙirgar karanshaf kaɗai ba ta warware kome da kome ba. Kafin inji ya shaƙi iska, ya matse, ya ƙone, ya fitar da hayaƙi, sai karanshaf ya juya sau biyu, digiri 720. A inji mai silinda huɗu, fistin na ɗaya da na huɗu tare suke hawa. Wanne ke matsa, wanne ke fitar da hayaƙi? Farantin ba zai faɗa ba. Nan ne amfanin sensan kamshaf, domin kamshaf sau ɗaya yake juyawa a juyi biyu na karanshaf, haƙori ɗaya tak a kansa ya isa ya raba gardama. In babu shi, sai a aika wa silinda biyun wuta tare, ɗaya ta ƙona mai, ɗaya ta faɗa cikin hayaƙi a banza. Inji zai tashi lafiya lau, sai dai ba za a iya fesa wa kowace silinda mai a kan lokacinta ba. A ganina kuskure ne mutum ya ce zai dogara ga kamshaf kaɗai wajen lokacin wuta, saboda bel ko sarƙa ke jansa, su kuwa suna saki.

Sensan iri biyu ne. Akwai mai waya biyu, zaren tagulla ne aka naɗe a jikin mayen ƙarfe, shi ke haifar da wutarsa. Wutar tana da rauni lokacin da ake tayar da inji, tana ƙaruwa in ya ɗauki gudu, don haka tazararsa da haƙori ba ta wuce wajen milimita ɗaya, kuma wayarsa na bukatar rufi, nesa da wayoyin filogi. Akwai kuma mai waya uku, wanda ke aiki da abin da Edwin Hall ya gano a Amurka cikin 1879. Shi sai an ba shi wuta, amma saƙonsa ɗaya ne ko inji na gudu ko yana rarrafe.

Haɗarin da na fi so ku riƙe yana ga mai waya biyu. In aka juya wayoyinsa, sau da yawa inji kan tashi, mai shi ya yi murna, alhali lokacin wuta yana gocewa yayin da gudu ke ƙaruwa. Wutar da ta riga lokacinta kuwa ƙwanƙwasa take jawowa, ita ce ke fasa kan fistin, a wayi gari albashin watanni ya tafi gareji. Saboda haka kafin mota ta hau titi, a umurci ƙwaƙwalwar ta tsayar da wuta a digiri 10, a haska fitilar taimin a kan alamar fuli. In alamar ba ta nuna 10 ba, a gyara lissafin tazarar giɓi da ƙololuwar hawan fistin na ɗaya. Sa'an nan a taka totur a hankali ana kallo. In alamar ta yi ta tafiya, a kashe injin a koma kan wayoyin.