Koya wa Kwikwiyo Tsabta

Jawabin yau ya shafi masu ajiye kare domin gadi ko farauta. Kashin kwikwiyo yakan ƙunshi ƙwan tsutsar ciki, wadda ke kama yara masu wasa da ƙasa. Saboda haka lalle ne a hore shi da wuri, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kwikwiyo ɗan wata 2 ba ya iya riƙe fitsari har asuba. A keɓe masa wuri ɗaya nesa da rijiya, a riƙa kai shi can in ya farka, in ya ci abinci, kafin barci, da kuma sau ɗaya cikin dare. In ya ɓata makwancinsa kada a doke shi. A wanke wurin sarai, domin warin ne ke sa ya maimaita. A binne kashin, sa'an nan a wanke hannu da sabulu.