Jawabin Shugaban Hukumar Makarantar Littafi Mai Tsarki a Bikin Yaye Ɗalibai



Bana Ubangiji ya yi mana alheri. An haƙa rijiyar burtsatse, an sake rufin ɗakin sujada, gonar makaranta ta ciyar da ɗalibai har kaka, malamanmu kuma sun ƙaro karatu a Bukuru da Jos. Ɗakin kwanan mata ne har yanzu ba rufi. Gundumomin da suka yi alkawari sun san kansu.

Yanzu ku ɗalibai, ku ba ni kunnuwanku. Masu waya a baya, ku ajiye ta, da ku nake.

Labari ya iso mini cewa tun ba a raba takardun aiki ba, wasunku sun fara aika dattawa su roƙa musu kada a tura su ƙauye. Wai bayan wannan karatu, bai kamata a ga mutum yana wa'azi a ƙarƙashin rumfar kara ba. Haba 'ya'yana! Girman kai rawanin tsiya ne. Masu bishara Walter Gowans da Thomas Kent sun sauka Legas a 1893, a shekara ta gaba ciwo ya kashe su, ɗaya a Girku, ɗaya a Bida, ba su ga ikilisiya ko guda ba. Iyayenmu masu bishara da suka biyo baya da ƙafa suka ratsa dazuzzuka, mai keke shi ne mai hali.

Na san abin da ke cin ranku. Tsoro ne kada sa'o'inku su raina ku, su ce an jefar da ku. To, Yesu wanda ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, Yahuza ma yana cikinsu, bai ragu da komai ba, domin ya san daga inda ya fito. Ku ma an biya kuɗinku a Kalfari tun ba ku san ƙofar makarantar nan ba. Albashi ba ya ƙara muku daraja, mimbarin ƙasa ba ya rage ta. Mai jin kansa ƙarami saboda iyayensa talakawa ne, shi ma ya ɗaga kai, da jini ɗaya aka fanshe ku.

Saboda haka hukuma ta yanke: inda aka tura mutum, can zai je. Dattawa, kada ku wahalar da kanku da zuwa gidana.

Magatakarda, bismilla, kira sunayen.