Lamba Biyu Sun Isa a Nuna Wurin Tauraro



Duk wanda ya taɓa fita duban wata ranar ashirin da tara ga Sha'aban ya san irin gardamar da ake yi. Wani ya hango jinjirin, yana ta nuni da yatsa: "Ga shi can, saman bishiyar darbejiya!" Na kusa da shi ya ce bai ga komai ba. Matsalar, bishiyar da ke gabanka ba nan take ga wanda ya gusa taku goma ba. Masana falaki sun huta da wannan tun da daɗewa, don lamba biyu kawai suke bayarwa.

Ta farko ita ce shiyya, wadda Larabawa ke kira samt. Daga jam'inta, as-sumut, Turawa suka samo tasu kalmar. Ana farawa daga arewa a kewaya ta hannun dama: arewa digiri 0, gabas 90, kudu 180, yamma 270. Mu da muke cewa mai salla ya fuskanci gabas, ya kamata mu sani alƙiblar Kano tana wajen digiri 68 ne. Wato ta karkata arewa da ainihin gabas da kusan digiri 22. Ba ƙaramar karkata ba ce.

Ta biyu ita ce tsayi: daga inda sama ta haɗu da ƙasa, digiri 0, zuwa tsakar ka, digiri 90. A nan nake so mu ɗan daɗe, domin ma'aunin yana jikinku. Miƙa hannunka iya tsawonsa, ka dunƙule shi, ka rufe ido ɗaya. Faɗin dunƙulen nan kusan digiri 10 ne, ɗan ƙaramin yatsa kuma kusan ɗaya. Yaro da babba duk haka, don mai ƙaramin hannu damtsensa ma gajere ne. Ɗora dunƙule kan dunƙule daga ƙasa, a na tara ka iso bisa kanka. Sai ka ce wa abokinka: dubi inda rana ta faɗi, ka hau dunƙule ɗaya. Gardama ta ƙare. Kashegari wata zai ƙara nisa da rana da kusan digiri 12, shi ya sa wasu ke rantsuwa wai ya kwana biyu.

Sai dai lambobin nan ba sa zama wuri ɗaya. Sama tana juyawa digiri 15 a kowace awa. Kaza da 'Ya'yanta da ka bari dunƙule biyu a gabas, in ka dawo bayan awa guda sun hau kusan ɗaya da rabi. Don haka duk wanda ya ba ka shiyya da tsayi bai faɗi gari da lokaci ba, rabin magana ya yi.

Tauraron Arewa ne kaɗai, kusan a ce, ba ya gusawa, kuma tsayinsa daidai yake da nisan garinku daga layin da ya raba duniya biyu. A Kano wajen digiri 12, a Agadas wajen 17. Dunƙule ɗaya da yatsa biyu ke nan a Kano, ƙasa-ƙasa sosai, kuma ba shi da wani hasken a zo a gani. Ku fita bayan gari inda babu fitilu, ku kuma guji kwanakin hazo, don ƙurar hunturu kan rufe shi ruf.