JAWABI: HASKEN RANA DA GARKUWAR DA KE SAMA



Duk macen da ta taɓa barin zane a kan igiya kwana da kwanaki ta san yadda rana ke kashe masa launi. Dalili kuwa, a cikin hasken rana akwai wani sashe mai ƙarfi wanda ido ba ya gani. Masana kimiyya na kiransa altirabayolet. Shi ne ke farfasa ƙwayoyin rini. Ita rana tauraruwa ce kamar sauran taurari, kusa da take ne ya sa ta fi su haske.

Abin da hasken nan ke yi wa zane, shi yake yi wa iska. Iskar oksijin da ake shaƙa, ƙwayoyinta bibbiyu suke a haɗe. Can sama, tsakanin kilomita 15 zuwa 35, hasken yakan raba su. Ƙwayar da aka raba sai ta manne wa wasu biyu, su zama uku. Wannan ita ce iskar ozon. Ita ce garkuwar da ke tare mafi yawan haske mai cutarwa, wanda ke jawo ciwon dajin fata da yanar ido, yana kuma nakasa amfanin gona.

A dubi Zara matar wata. Ita ma duniya ce mai kewaya rana. Masana na ganin hasken rana ne ya farfasa tururin ruwanta, sashe mai sauƙi ya tsere sararin samaniya. Yau a bushe take ƙurmus, zafinta ya haura digiri 450.

To, ɗan Adam ya kusa yi wa kansa sakiyar da ba ruwa. A 1974 wasu masana biyu a Amurka, Mario Molina da Sherwood Rowland, suka yi gargaɗi game da gas ɗin CFC da ake sa wa firji da na'urar sanyaya ɗaki. Idan ya hau sama, hasken rana yakan fasa shi, sinadarin kulorin ya fito. Ƙwayar kulorin ɗaya tak tana lalata dubban ƙwayoyin ozon. A 1985 masanan Birtaniya suka bayyana cewa garkuwar ta yi rauni ƙwarai a saman Antatika, ƙarshen kudancin duniya.

Ganin haka, a 1987 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a birnin Montreal na Kanada, aka yi ta rage gas ɗin har aka hana yin sa a 2010. Yanzu garkuwar na farfaɗowa, ana sa ran ta saman Antatika za ta koma daidai wajen 2066.

Duk da haka rigakafi ya fi magani. Manomi ya sa malafa idan rana ta take. A rufe wa yara zabiya jiki, a zaunar da su a inuwa. Mai gyaran firji kuma kada ya saki gas cikin iska.

Allah ya kiyaye, amin.